Wa Zai Koyar da 'Ya'yan Gaya da Ajingi?

  Maganarmu ta yau a kan aikin koyarwa ce a makarantar sakandare, aikin da kowa ke yabo da baki amma kaɗan ne ke yi wa ɗansa sha'awarsa. Ku tambayi 'yan ajin ƙarshe a kowace makaranta me suke so su zama, za ku ji likita, za ku ji injiniya, za ku ji lauya da soja da kwastan, kafin ku ji mutum ɗaya ya ce malami. Wanda ma ya shiga aikin, sau da yawa cewa yake yi yana ɗan riƙewa ne kafin Allah ya kawo wani. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, koyarwa a sakandare sana'a ce da ta cancanci yaro mai ƙwaƙwalwa ya zaɓe ta da gangan, idonsa biyu, kuma makarantun gabashin Kano, musamman na Gaya da Ajingi, ba za su miƙe ba sai 'ya'yan yankin sun zaɓe ta sun zauna sun yi ta a gida. Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara daga asibiti, don a nan ne kowa yake jin zafin rashin ma'aikaci a jikinsa. Idan mace ta tashi haihuwa da tsakar dare a Gurduba ko Gamarya, abin da danginta ke nema shi ne ungozoma mai horo, mace, wadda take kusa. Daga ina ungozomar nan za ta fito? Makarantar koyon aikin jinya da ungozoma ba ta ɗaukar kowa sai mai kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma biyar ɗin nan sanannu ne: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Yarinyar da ta yi shekara uku a babbar sakandare ba tare da tsayayyen malamin kemistiri ba, kome kaifin hankalinta, an rufe mata wannan ƙofa tun kafin ta ƙwanƙwasa. Haka yaron da ke son shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ga ta nan a bakin hanci tun 2001, amma idan babu kiredit a lissafi da fiziks, nisanta da shi daidai yake da nisan jami'ar da ke bangon duniya. Don haka duk ma'aikacin da muke kukan babu a yankin nan, likita ne ko malamin gona ko injiniyan ruwa, idan aka bi sawun rashinsa, a kan wani aji za a tsaya, ajin da aka rubuta darasi a jadawali amma babu wanda ya shiga ya koyar. Firamare tana ba yaro karatu da rubutu. Sakandare ce ke yanke hukuncin abin da zai iya zama, kuma malamin darasi ne alƙalin, ko ya sani ko bai sani ba.

To me ya sa ajin yake zama babu malami? Ba kullum ba ne don gwamnati ba ta turo kowa ba. Sau da yawa an turo, sunansa na cikin takardar albashi, amma gidansa da iyalinsa suna cikin birnin Kano. Ya tashi da asuba, ya nemi mota, ya ratsa cunkoson Wudil, ya sauka a Gaya, sannan idan makarantar tana cikin ƙauye ya hau acaɓa. Kafin ya iso, darasin farko da na biyu sun wuce, kuma su ne lokutan da aka fi sa lissafi da Turanci don ƙwaƙwalwar yara ba ta gaji ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, wannan zirga-zirga ta zama abin da albashi ba ya ɗauka. Sai a koma zuwa kwana uku a mako, ko biyu, a yi ta haɗa baki ana rufa wa juna asiri. Ba na zargin wannan malami da mugunta; lissafin aljihunsa ne ya kai shi nan. Amma daga ranar da ya kama aiki, babban burinsa shi ne a yi masa canji ya koma birni, kuma wanda ya fi ƙwazo shi ya fi saurin samun mai ɗauke shi. Sai a cike gurbin da 'yan bautar ƙasa masu shekara ɗaya, waɗanda wasunsu ba sa jin Hausa, yaran kuma Turancinsu bai nuna ba, ko a ɗora wa malamin bayoloji kemistiri da aikin gona a kan nasa. Ga kuma zama a gefen jiha, kan iyaka da Jigawa, wanda yake da nasa tsadar. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana guda goma da ke wajen birni, cikinsu har da Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya da sakandaren gwamnati ta Ajingi. Irin wannan lokaci shi ke nuna amfanin malamin da gidansa ke cikin gari, wanda yara suka san ƙofarsa, ko an rufe makaranta ba a rufe shi ba.

Jihar Kano ta taɓa gwada magance ƙarancin malamai ta hanyar ɗauko su daga nesa, kuma ya yi amfani a lokacinsa. Da aka kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, an tara yara masu hazaƙa daga ko'ina cikin jihar, aka ba su ɗakunan gwaji da malamai na gani na faɗa, kuma da yawa daga cikin manyan likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa na yau daga can suka fito. A waɗancan shekarun, makarantun sakandaren Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya da Pakistan da Ghana da Masar da kudancin Nijeriya. Sun yi aiki, Allah ya saka musu. Amma da kuɗin mai ya karye a farkon shekarun 1980, aka kori baƙin da ba su da takardu a 1983, naira kuma ta fara faɗuwa, sai suka tattara suka tafi, suka bar gurabe a darussan da suka fi wuyar cikewa. Darussa biyu ke cikin wannan tarihi. Na farko, ɗan talakan karkara idan ya samu malami nagari babu inda ba zai kai ba. An gwada an gani. Na biyu, malamin da ba shi da saiwa a wuri, ranar da al'amura suka tsananta zai tafi, kuma ba za a ga laifinsa ba. Abin da ya faru da jihar baki ɗaya a wancan lokaci, shi ke faruwa da Gaya da Ajingi a kowace shekara, sai dai yanzu ba Indiya ake komawa ba, birni ake komawa.

Yanzu bari mu dubi aikin kansa, don masu raina shi yawanci ba su taɓa tsayawa gaban aji ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare, amma tun da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019, azuzuwa da yawa sun ninka wannan adadi. Ka ɗauki malamar lissafi a ajin farko na babbar sakandare. Tun daren jiya ta tsara darasinta a littafi, shugaban sashe ya sa hannu. Ta shiga aji da alli biyu a hannu, minti arba'in ne gare ta, yara sun cika benci wasu na zaune a ƙasa. Ta rubuta lissafi a allo, ta juyo, kuma a cikin wannan juyowar dole ta karanta fuskoki: wancan ya gane, waccan ta sunkuyar da kai don tun ƙaramar sakandare ba ta iya raba lamba ba kuma kunya ta hana ta faɗa, na bayan can bai karya ba tun safe. Sai ta yanke shawara nan take, ta ci gaba don ta cim ma manhaja, ko ta koma baya don kada ta bar rabin aji a hanya. Ta sake bayanin da Hausa, ta kawo misali da mudun gero da kuɗin cefane, ta komo Turanci don da shi za a yi jarrabawa. In an tashi, littattafai ɗari da wani abu na jiran jan biro, kuma a cikin makin ne take gano inda bayaninta ya kauce. Wannan ba aikin wanda ya rasa abin yi ba ne. Sanin darasi daban, iya sa wani ya san shi daban, kamar yadda mallakar ƙarfe ba ya mai da mutum maƙeri. Kuma mutanen Gaya, waɗanda tarihin baka ya ce daga cikinsu maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suka fito, sun fi kowa sanin cewa hannu sai ya daɗe a maƙera kafin ya faɗa. Malami ma shekaru yake ɗauka kafin ya ƙware, shi ya sa makarantar da ake canza mata malamai duk shekara biyu kullum a hannun 'yan koyo take.

Babbar hujjar masu ja ita ce albashi, kuma ba zan kewaye ta ba. Albashin malami bai kai nauyin aikinsa ba. Mai shaidar koyarwa ta NCE yana farawa a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma duk da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a ƙasa a 2024, Kano kuma ta sa nata 71,000, tsadar buhun masara da kuɗin magani sun riga sun cinye ƙarin. Ƙarin girma yakan makara, wani lokaci takardar ta zo kuɗin bai biyo ta ba. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu aiki a karkara da masu koyar da kimiyya, da gidaje masu sauƙi. Abin da ya fito fili ya zama doka shi ne ƙarin shekarun ritaya a 2022, zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Sauran kuwa, malamin jiha har yanzu jiran yawancinsu yake. Masu cewa ladan malami sai a lahira, in da nufin ƙarfafa guiwa suke faɗa, to su sani maganar ta zama mafakar masu danne hakki. Lada na Allah ne, albashi kuwa bashi ne a wuyan hukuma, kuma ɗayan ba ya share ɗayan.

Amma yarda da cewa albashin ya yi kaɗan bai gama lissafin ba, domin tambayar da saurayi ko budurwa ke fuskanta ita ce: in ban yi wannan ba, me zan yi? Duk shekara jami'o'i na yaye dubban masu digiri, guraben kwastan da banki da kamfanin mai kuwa ba su kai cikin cokali ba, kuma kowa ya san yadda ake samunsu. Yawancin waɗanda suka raina alli ba likitoci suka zama ba. Suna birni suna ɗaukar takardu daga ofis zuwa ofis, shekara biyar, shekara bakwai. Aikin koyarwa kuwa buƙatarsa ba ta yankewa. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Wanda ya iya koyar da lissafi ko fiziks da gaske, nemansa ake yi, ba shi ke nema ba. Sannan albashin nan guda ne a takarda, amma ba guda ba ne a aljihu. Malamin da ke haya a birni yana biyan mota kullum, da wanda ke zaune a gidan gado a Kademi ko Toranke, yana zuwa makaranta a ƙafa ko a keke, matakinsu ɗaya amma rayuwarsu ba ɗaya ba. Na biyun yana da gona. Dogon hutu yana faɗowa a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da gona ta fi neman mai ita. Gero da dawa da wake da gyaɗar da ya noma su ne abin da abokinsa na birni ke ƙarar da albashi wajen saya. Ga ɗan kiwo, ga adashi da ƙungiyar taimakon juna ta malamai, ga fansho a ƙarshe. Ba na cewa zai yi arziki. Wanda burinsa tara dukiya ne, kasuwa na nan. Ina cewa zai iya rufa wa kansa asiri cikin mutunci. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ina faɗarsa da ƙarfi: gona ta bi bayan aji. Malamin da ya bar yara ya tafi shuka ranar Talata da hantsi ya ci amanar da ta fi gonar daraja, kuma ya ba masu zagin malamai abin faɗa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ciwo. Ana cewa koyarwa matattarar waɗanda suka kasa ce. Akwai abin da ya jawo wannan zato. A 2023 da 2024, mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi kuwa 100 cikin 400. Wato mu da kanmu muka tsara cewa wanda ya fi rauni shi za a tura ya koyar da na baya. Kuma ba a manta da abin da ya faru a Kaduna a 2017 ba, inda gwamnati ta ce sama da malaman firamare 21,000 cikin kusan 33,000 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu. Amma duk wannan bayani ne a kan yadda muke ɗiban malamai, ba a kan aikin ba. A da ba haka ake ɗiba ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai, zaƙaƙuran yaran lardunan Arewa ake tacewa a kai mata. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Abubakar Tafawa Balewa ya koyar a Midil ta Bauchi. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru kafin ya ajiye aiki ya shiga siyasa. Shehu Shagari malamin makaranta ne, Abubakar Imam ma haka. Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, wanda kwalejin kimiyya ta Gaya ke ɗauke da sunansa, da alli ya fara a Midil ta Kano. Wani zai ce ai duk sun bar aikin. Gaskiya ne, zamaninsu ya kira su wani fage. Abin lura shi ne lokacin da Arewa take da 'yan boko ƙalilan, mafi kyawunsu ta sa a aji, kuma ƙarni guda ta ci moriyar hakan. Ƙasashe irin su Finlan da Singafo da ake misali da makarantunsu a yau, hanyar da suka bi ke nan: tace masu shiga aikin tun daga ƙofa. Idan yara masu ƙoƙari suka ci gaba da gudun koyarwa don an ce ta marasa ƙoƙari ce, su da kansu suke tabbatar da zancen, kuma ƙannensu ne za su zauna gaban wanda ya rage.

Akwai kuma masu tsoron ɗan gida, kuma tsoron nasu na da tushe. Suna cewa idan malami ɗan gari ne, shugaban makaranta ba zai iya tsawata masa ba, don kafin takardar gargaɗi ta bushe kawunsa ya zo da rawani. Ba zai iya kayar da ɗan mai unguwa ba ko da bai rubuta kome ba. Ranar jarrabawa kuma shi za a matsa wa ya taimaki yara, a kira satar amsa da sunan taimako. Haka ne, wannan na faruwa. Sai dai maganin ba shi ne a ci gaba da dogara da wanda ba ya zuwa ba. Maganin shi ne a ɗauki ɗan yanki ta ƙofar jarrabawa, ba ta ƙofar ɗan siyasa ba, domin wanda aka ba aiki a matsayin ladan kamfe ba shugaban makaranta yake tsoro ba. Kuma ba dole a ajiye mutum a unguwarsu ba: ɗan Shagogo ya koyar a Balare, 'yar Chula ta koyar a cikin Ajingi, nisan da babur zai kai cikin ɗan lokaci amma surukai ba sa leƙowa ta taga. Sannan kusancin nan da ake tsoro yana da fuska ta biyu. Malamin da zai haɗu da uban ɗalibinsa a sahun sallar Magariba, wanda 'ya'yansa na cikinsa ke zaune a ajin, ya fi jin kunyar fashi a kan wanda ba a san ko unguwarsu ba. Kuma in na ce ɗan gida, ba asali nake nufi ba. Duk wanda ya kawo iyalinsa ya zauna, ko daga Zariya ya fito ko daga Inugu, ya zama namu, kuma haƙƙin gari ne ya ba shi masauki da mutunci har ya ji ba ya son tafiya.

Inda wannan magana ta fi ƙarfi shi ne wajen 'ya'ya mata. Uba da yawa a karkara ba boko yake ƙi ba. Abin da yake tsoro shi ne ya tura budurwar 'yarsa inda babu mace babba ko ɗaya da za ta sa mata ido, wadda za ta iya gaya wa abin da ba za ta gaya wa namiji ba. Malama daga birni kuwa, mai miji da 'ya'ya, in an turo ta Ajingi, kafin zango ya ƙare an kawo takardar neman canji, kuma da wuya a ƙi. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano na cikin jihohin farko da suka shiga, ya taimaka da gine-gine da gyaran makarantu da tallafin 'yan mata, amma gini ba ya koyar da bayoloji. Malamar da za ta zauna ita ce wadda aurenta ke nan, danginta ke nan. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, tun a ƙarni na 19, jajis ta horar daga cikin matan ƙauyuka, su zo su koya su koma su koyar da 'yan'uwansu a inda suke. Ga magidanta ina da roƙo: wanda ya auri mai NCE ko mai digiri ya bar ta ta koyar. Aikin da ake tashi da azahar, hutunsa ya zo daidai da na yara, da wuya a samu wanda ya fi shi dacewa da mai iyali, kuma duk yarinyar da ta ga matar maƙwabcinsu tana riƙe da aji ta san abin mai yiwuwa ne.

Masu cewa waya da intanet sun kusa maye gurbin malami kuwa, amsarsu gajeriya ce. Darussan suna nan a YouTube kyauta shekara da shekaru, amma yaron da bai san abin da bai sani ba, bai san me zai nema ba. Wayar ta fi amfani a hannun malami, ya kalli gwajin da ba shi da kayan yinsa, ya nuna wa aji.

To wanda ya ji ya gamsu, ta ina zai bi? Kiredit biyar da Turanci da lissafi su ne mabuɗi. Daga nan JAMB, ya zaɓi NCE ta shekara uku ko digirin koyarwa na shekara huɗu. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma ta fi dacewa da firamare da ƙaramar sakandare; mai son babbar sakandare ya sa digiri a gaba, ko da ta NCE ya fara. Wuraren karatun ba su da nisa: kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya da ke cikin Kano wadda ta zama jami'a, kwalejin ilimin fasaha ta Bichi, tsangayar ilimi ta Jami'ar Bayero, da jami'ar Wudil mai horar da malaman kimiyya da fasaha. Wanda ya riga ya yi digiri a kemistiri ko lissafi zalla, difloma ta koyarwa ta bayan digiri ce ta rage masa, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, tana bayar da ita ba tare da mutum ya bar aikinsa ba. Sai jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, don samun lasisi. Shawarata ita ce a zaɓi darasin da ake nema: lissafi, Turanci, fiziks, kemistiri, kwamfuta. Kuma lokacin koyarwar gwaji, ɗalibi ya nemi a turo shi makarantar yankinsu, ya ɗauki watannin nan da gaske, don a nan zai san ko jininsa ya haɗu da aji. Wanda ya ga bai haɗu ba ya nemi wata hanya tun da wuri, ya fi masa alheri, ya fi wa yara.

Ba daidai ba ne a ɗora wa matasa wannan nauyi su kaɗai. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma ma'aunin da mutanen gabas za su auna ta da shi mai sauƙi ne: shin kowace babbar sakandare a Gaya da Ajingi tana da malamin lissafi da na kimiyya da ke kwana a yankin? Don a kai ga haka, ɗaukar aiki ya kamata ya zama na gurbi, a ce makaranta kaza na neman malamin fiziks, mai nema ya san inda za shi tun kafin ya cike takarda, ya kuma sa hannu zai yi wasu shekaru kafin ya nemi canji. A biya alawus na karkara da zai sa zaman ya zama riba, a gyara gidajen malamai, a saki ƙarin girma a kan lokaci. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya su riƙa tambayar Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya, SUBEB, adadin malaman kowane darasi, makaranta bayan makaranta, ba jimillar jiha ba, domin jimilla tana ɓoye ƙauye a bayan birni. Akwai kuma abin da ba sai an jira gwamnati ba. Masarautar Gaya da hakimai, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kwamitocin makarantu, da 'yan kasuwarmu da ke Kano da Legas da Abuja, za su iya zaɓar yara biyu ko uku daga kowace mazaɓa duk shekara, mace da namiji, daga cikin waɗanda suka fi maki a lissafi da kimiyya, a biya musu kuɗin JAMB da rajista da masauki, bisa yarjejeniya a rubuce gaban iyaye da dagaci cewa in sun gama za su dawo su koyar na wasu shekaru. Shugabannin makarantu sun san yaran nan da sunayensu. Sakamakon jarrabawar kwalifayin ta 'yan aji biyu yana cikin durowarsu. Taron iyaye da malamai na zango mai zuwa wuri ne da ya dace a buɗe durowar a fara kiran sunaye.